Gidan da Ya Ƙi Ɗigon Rigakafi

A shekarun da nake aikin rigakafin shan inna a ƙauyukan Kiru, akwai wani gida a bayan Dangora da ko hango shi na yi sai raina ya ɓaci. Maigidan manomin masara ne, yana da jaririya 'yar wata bakwai, kuma ya rantse ba za a ɗiga mata komai a baki ba.

Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. A zuwa na biyu ko zama ban yi ba, daga tsaye a bakin zaure na ce, "Haba Malam! Irin tunaninku ne ke gurgunta yara. Wannan ai jahilci ne." Na zaro alli na zana alamar ƙin amincewa a bangonsa, na ƙara mata girma da gangan don masu wucewa su gani.

Na koma gida ina ta bambami. Innata ta bari na gama, ta ce, "Kin gaishe shi kuwa? Kin tambayi lafiyar iyali?" Ban tambaya ba. Washegari wata maƙwabciyar mutumin ta shaida mini cewa ɗansa ya rasu a daminar da ta wuce. Kunya ta kama ni har wuya.

Na koma wurinsa babu akwatin magani, na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Ya ce, "Zazzaɓi ne, Hajiya. Na ɗora shi a babur, hanya duk taɓo. Muka isa asibiti, aka ce babu magani. A hanyar dawowa ya cika. Gwamnatin da ba ta da ƙwaya ɗaya ranar da na je wurinta, ita ce ke biyo ni har gida da maganin cutar da ban taɓa gani ba. Da ke ce ni, ba za ki yi zargi ba?"

Wallahi da na yi. Amma ban ɓoye masa ba, na ce har gobe ina ganin kuskure yake yi, don na ga yaran da ke jan gindi da idona. Abin da na janye shi ne jahilcin da na kira shi da shi, tun ban san komai a kansa ba.

Sai a zagaye na huɗu ya fito da jaririyar da kansa. Kafin na buɗe kwalbar ya dube ni ya ce, "In ta yi zazzaɓi, za ki zo?"

Na ce zan zo. Na ɗiga mata, ina sane da cewa babu maganin zazzaɓi a akwatina.