Yadda Cikina Ya Zama Ma'aunin Jirgin Ruwa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe makon da aka mayar da cikina ma'auni a bakin tekun Jidda.

Lokacin ina tuƙa wani attajiri, shi ne kuma kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take, ga shi saura kwanaki ta ƙare. Ya ƙudurta sayen jirgin ruwa na shaƙatawa don ya riƙa fita da mahaifiyarsa shan iska. Ya samu biyu a Abhur, farare, tsawo ɗaya, inji iri ɗaya. Wata uku yana kai-komo ya kasa zaɓa.

Rannan muna cikin mota ya ce, "Ummi tana fama da jiri. Kai ma na ga yadda kake riƙe bango a lif. Shi kenan, da kai za mu gwada."

Na ce, "Ya ammi," don haka ake kiran manya a can, "a gwada me?"

"Wanda ka fi daɗewa a ciki ba ka yi amai ba, shi zan saya."

Na so in yi dariya, sai na tuna iƙama.

Da gaske yake. Kullum da safe sai ya sa an ba ni ful da tamis, wato wake da gurasa, faranti ɗaya, kada a yi wa wani jirgi rashin adalci. Ya zaunar da ni a baya, ya tsura wa agogonsa ido. A jirgi na farko minti goma sha takwas na yi. Washegari a na biyu na kai ashirin da biyar. Sai dillalin na farko ya tada rigima, wai ranar tasa akwai iska, a sake. Na biyun kuwa ya ja ni gefe ya cusa mini citta a aljihu, yana cewa, "Ɗan'uwa, ka daure, ina da iyali." Ni da nake ganin teku sama, sama ƙasa!

A fita ta shida wani abu ya faru. Awa biyu muna yawo, ban ji komai ba. Har yunwa na ji. Maigida ya dubi agogo, ya dube ni, ransa a ɓace.

"Ka saba! Ka lalace kenan. Yanzu ina zan samu wani?"

Wallahi har haƙuri na ba shi.

Muna saukowa aka gaya mana wani ya zo ya saye jirgi na biyu. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya rungumi dillalin na farko, ya ce dama shi zuciyarsa ta fi kwantawa da shi. Ranar ya sa hannu, bayan kwana biyu ya sabunta mini iƙama.

Na koma ɗakina a Hindawiyya wandona na zamewa saboda rama. Tun daga nan na gane wanda ya kasa zaɓa ba ƙarin bayani yake nema ba, so yake a zaɓa masa. In ka ga irinsa, ɓoye masa rauninka.