Kawu Manu da Daɓen Katako

Duk wanda ya san Kawu Manu kafinta a Gwandu ya san bai taɓa sa takalmi kafin hula ba. Hula, riga, wando, sannan takalmi. Ranar da akuya ta janye masa hula bayan rumbu, daga shi sai mayafi ya zauna har hantsi, sai da matarsa Gwaggo Hajo ta nemo ta. Wai daga sama ake saukowa, ko ruwa ma haka yake yi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni na raka shi Kalgo, ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai. Ummaru mai goro ne ya kira shi, yana gina wa mahaifiyarsa ɗaki. Tsohuwar ta daɗe a hanyar Makka, an aiko tana tafe. Shi kuwa ya ga daɓen katako a Kurmi, can kudu, wajen fatauci, ya rantse uwarsa ba za ta sauka a kan ƙasa ba.

Da farko Kawu ya fere katakon maɗaci, ya goge, ya shafa masa mai har yana ɗaukar ido. Daga nan ya ƙi shimfiɗawa. Sai an gama rufi, yaɓe ya bushe, an shafa farar ƙasa, an kafa ƙofa. Ummaru ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo liman. Kawu ya tambayi liman ko ana yin sujada kafin ruku'u. Liman ya gyara rawaninsa, ya ce yana da ɗaurin aure a Kambaza.

Da magina suka tashi, Ummaru ya ɗauka an gama. Ina! Kawu ya jera katakon cikin ɗakin, ko ƙusa ɗaya bai buga ba, ya rufe ƙofa.

"Manu, mi kuma ya rage?"

"Katakon ga baƙo ne, Ummaru. Sai ya kwana biyu ya san iskar ɗakin. In ka matsa mai yanzu, da damina zai tashi ya gaishe ka."

Ana cikin haka motar Hajiya ta iso. Gari ya cika gidan, ga ɗaki a rufe, Ummaru ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya nuna Kawu, ya ce wa uwarsa ga wanda ya kunyata shi. Hajiya ta tura ƙofar ta leƙa, ta shafa katakon da tafin hannu, ta ce wadda ta ratsa Sudan da ƙafa ba za ta kasa jiran katako ba. A rumfa ta shimfiɗa tabarmarta.

Ranar da Kawu ya buga ƙusa ta ƙarshe, Hajiya ta zo shiga. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallon takalmanta. Ta yi dariya, ta tuɓe. A ɗakin ta ƙare kwananta, katako ko ɗaya bai motsa ba.

Da Kawu ya rasu, Gwaggo ta kai mu bayan rumbu. Ga itacen kabarinsa a sare, a bushe, a jere, don kada mu yi gaggawa mu sa masa ɗanye. Muka bi komai daki-daki yadda yake so. Hularsa tana nan rataye a shagon, takalman a ƙarƙashinta.

Allah ya yalwata makwancinka, Kawu, ya sa ka sami ɗakinka a gyare.