Takalmin da za a kai Ikko

Jama'a, yau a filin ƙwallonmu na unguwar Fezzan an zaɓi takalmi an bar ƙafa.

Wani koci ne ya zo daga Ikko neman waɗanda za su buga wa ƙasa. Ya jera mu, ya kalli ƙafata ya ce, "Kai, ina takalminka?" Na ce, "Malam, ni tun tasowata haka nake bugawa." Ya zaro wani mai ƙusoshi daga jakarsa ya ce in saka. Aka fara wasa, na shiga yashin filin kamar an ɗaura mini turmi. Ƙwallo ta zo, na kai mata ƙafa, sai ga ni a ƙasa. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

Ana tafiya hutu na tuɓe takalmin. Ya Modu, mai tsaron ragarmu, ya ce, "Za ka ja wa kanka." Na ce komai ta fanjama fanjam. Muna komawa na zura ƙwallo biyu a raga.

Da aka tashi kocin ya ce, "Ka iya, amma ƙasa ba ta ɗaukar marar takalmi."

Na miƙa masa abinsa na ce, "To ga shi, Malam. Kai shi Ikko ya ci muku."