Ranar da 'Yata Ta Ci Ɗan Oga

Har yau in na tuna ranar nan sai zuciyata ta tafasa.

Muna zaune a gidajen ma'aikata na Garki, shekarun da farar hula suka karɓi mulki, Abuja kuma ko'ina gini ake yi. 'Yata ta fari tana aji huɗu, yarinya ce mai rawar kai. Ba ta iya zama wuri ɗaya, lissafi kuwa in ya gagare ta sai ta jefar da fensir ta fashe da kuka. Sai makarantarsu ta ɗauko wani malami ɗan Filato yana koya wa yara darar Turawa, wadda ake kira ces, bayan an tashi. Na sa ta ne kawai don in huta da ɓarnarta.

Kafin zangon ya ƙare ta sauya. Dokar wasan ita ce, abin da ka taɓa sai ka matsar da shi, in ka ɗaga hannu kuma ba komawa. Sai ta koyi zama a kan hannuwanta har ta gama tunani. Haka ta dinga yi wa lissafi ma, kukan ya tsaya.

Aka shirya gasa, ta kai wasan ƙarshe. Abokin karawarta ɗan daraktan ma'aikatar da mijina ke aiki ne, daraktan ma ya zo da kansa, an kafa masa kujera a gaba. Ana tsaka da wasa yaron ya ajiye sarauniyarsa, mafi ƙarfi cikin 'ya'yan darar, inda dokin 'yata zai cinye ta, ya ɗaga hannu, sannan ya ga ɓarnar. Uban ya yi gyaran murya.

"Ai yaro ne, a bar shi ya mayar."

Malamin ya ce, "Oga, doka bai yarda ba."

Shugabar makarantar ta zabga masa harara. Mijina kuwa, uban yarinyar, har da rusunawa: "Ranka ya daɗe, ba komai, ya mayar." Na ji kamar in nutse.

Yaron ya mayar. 'Yata ta koma kan hannuwanta, ba ta kalli kowa ba. Ta yi ta bin sa a hankali har ta rufe wa sarkinsa hanya. Ta ci shi duk da haka! Ni kaɗai da malamin muka tafa.

Abin da ba zan yafe ba shi ne na bayan nan. Mijina ya ja ta har bakin motar daraktan, ya ce ta durƙusa ta ba da haƙuri. Haƙurin me? Wai kada a ce ba ta da tarbiyya. A gida na sauke masa kwandon masifa, ya ce ni ba na zuwa ofis, ban san abin da ake kira neman ƙarin girma ba.

Ran Litinin sai ga 'yata ta dawo da wuri, tare da yaran da ba sa zaman ces. Na tambaye ta dalili.

"Mama, na daina. In na ci, Baba ya ji kunya. In ban ci ba, ni zan ji."

Na lallashe ta, malamin ma ya tako har gida. Ba ta sake taɓa allon ces ba.