Tsakuwar da Aka Juye a Ƙofar Gidanmu

Tsakar gidanmu na Tudun Wada ƙasa ce zalla. Da rani ba ta da laifi, a share a yayyafa ruwa ta kwanta lumus. Da ruwa ya sauka kuwa sai ta koma caɓi, daga ƙofar ɗaki zuwa madafa sai an bi ta kan bulo huɗu da Malam, maigidana, ya jera. Shekara tara ina tsallaka bulon nan da tukunya a hannu. Duk damina yakan tsaya bakin ƙofa ya dubi taɓon ya ce, "In Allah ya yarda baɗi za mu zuba tsakuwa." Ni kuma in ce Allah ya nufa. Malamin firamare ne a Gyallesu, na san iya ƙarfinsa, ban taɓa matsa masa ba.

Gidan da ke kallon namu na ƙawata ne. Benci ɗaya muka zauna a sakandare, aure ya sake haɗa mu layi ɗaya. Tsakar gidanta irin tawa ce sak, har mukan nuna wa juna dugaduganmu muna dariya. Mahaifiyarta, wadda duk layin ke kira Inna, a wurinta take zaune. A farkon daminar da nake ba da labari Inna ta zame za ta banɗaki, ta yi sati biyu a kwance.

Wata Talata da hantsi ƙawar tawa ta shigo ina tsintar shinkafa. Ta zauna ta ce mijinta, wanda ke aiki a unguwar Kongo, ya ce ta nemi tifa a kawo tsakuwa. A gabana ta kira direban, ta ƙara muryar wayar don in ji.

"Hajiya, wace iri? Manya ta kankare, ko ƙanana ta shimfiɗa?"

"Wadda tsohuwa za ta taka ba ta zage ni ba."

"Ƙanana ke nan. Babbar tifa ko ƙarama?"

Ta juyo wurina. "Aminiya, kin fi ni ido. Ƙarama za ta ishi tsakar gidan nan tawa?"

Na ce za ta isa. Har yau ban sani ba ko idona ne ya auna ko zuciyata. Abin da na sani, shinkafar da na riga na tsince na sake tsincewa bayan ta fita.

Akwai lambatu a ƙofar gidansu, tifa ba za ta iya matsawa ba. Mu ne muke da fili a gaba. A unguwarmu ba a hana maƙwabci aron ƙofar gida, ko na biki ne ko na zaman makoki ko na yashi, don haka da mijinta ya yi wa Malam magana bai ko bari ya ƙarasa ba. Ranar Alhamis tifa ta shigo da baya tana gurnani. Ta soro nake leƙe. Ta ɗaga bayanta, tsakuwar ta zubo da ƙara kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, ta tsaya tsibi guda daidai jikin katangarmu, toka-toka tana ƙyalli a rana. Na yi ta maimaita masha Allah a bakina, saboda an koya mana haka ake kashe sharrin ido. Bakina ya faɗa. Ƙirjina kuwa kamar an ɗora mini dutsen niƙa.

Birkila ya ce sai an daidaita ƙasa da marmara, an kuma sami ranar da ba ruwa. Haka tsibin ya kwana tara a ƙofarmu. Mata masu wucewa Islamiyya sukan leƙo su ce, "Allah ya sanya alheri, ashe gyara za a yi." Ranar farko na ce ta maƙwabta ce. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku sai na ji bakina ya ce, "Amin, na gode."

Ni ke sharar ƙofar gida kullum da sassafe. Awaki na hawa tsibin, masu babur na taka gefensa, tsakuwa ta warwatsu har bakin soronmu. In na share na tara, abin da ya kamata in mayar da ita kan tsibin ne, taku uku kacal. Sai na ɗauko bokiti. Na ce wa kaina shara ce, a ƙofata ta faɗo, da na bar ta ƙasa za ta shanye. Washegari tsintsiyata ta ƙara matsawa. Jibi ta kai gindin tsibin, takan ɗan shafi jikinsa ma, abin ya gangaro da kansa. Bokiti bakwai na tara. Na zuba su a bayan madafa inda nake alwala, wurin da baƙo ba ya gani.

Ba zan ɓoye ba, alwalar farko da na yi a kanta na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Ruwan buta ya zuba ya ɓace, ƙafata ta fito tsaf. Amma da na tayar da salla sai na rasa ko raka'a ta nawa nake. Malam ya gani da yamma, ya tsaya a kai da butarsa.

"Wannan fa?"

"Sharar ƙofa ce."

"To. Bana shararmu ta yi albarka."

Ya wuce abinsa. Sai dai na lura ya koma yin alwalarsa a masallaci.

Ranar da leburori suka gama kwashewa da baro, ƙawata ta aiko in zo in gani. Tun daga zaure na ji ƙaran tsakuwa ƙarƙashin takalmina, ƙaras ƙaras, ƙaran da na shekara tara ina ji a cikin kaina. Ta jera tsofaffin robobin fenti a jikin bango ta dasa na'ana'a da lalle. Gidan ya zama wani gida. Na dubi ƙafafunta, fes. Na janye tawa cikin zani. Wannan ita ce yarinyar da nake yi wa lissafi a aji, na faɗa a zuciyata, nan take kuma na yi istigfari, tunanin ya fita ya sake dawowa.

Sai ta ja ni lungun ɗakin Inna. Daga zaure leburorin suka faro, tsakuwar ta ƙare saura taku huɗu a kai ƙofar banɗaki. Daidai inda tsohuwar ta faɗi, jar ƙasa ce tsirara.

Birkila na sosa ƙeya. "Hajiya, ni fa na auna tsibin nan da idona ranar da aka juye. Kamar baro biyu ne babu. Tifa kuma ba ta tasowa don baro biyu."

"Direban ne bai cika ba," in ji ƙawata. Ta kira shi a take, ta faɗa masa maganganun da ban taɓa jin ta faɗa wa kowa ba. Ina jin muryarsa yana rantsuwa cewa har tozo ya yi mata. Ta kashe wayar.

Inna na zaune bakin ƙofarta da carbi. Ta ce, "Ku bar bawan Allah. Taku huɗu ne, in ruwa ya zo sai in rarrafa. Da rarrafen na fara ai."

Suka yi dariya. Ni ma na buɗe baki.

Na koma gida hadari na haɗuwa ta gabas. Aka kira la'asar, na ɗauki buta na tsaya a kan tsakuwata, na kasa zuba ruwan. Gwiwar Inna nake gani, kumburarriya, wadda ni da kaina na gasa mata da ruwan zafi. Na ajiye butar na ɗauko bokiti.

Ido na ganin ido na tsallaka layin, mutane na zaune a inuwa. Ƙawata ta gan ni na juye na farko a lungun Inna. A na uku ta tare ni.

"Daga ina?"

"Taki ce. Ni na kwasa, kullum da safe. Direban bai rage miki ko ƙwaya ba."

Ta ce, "Aminiya, da kin tambaye ni ai da na ba ki."

"Na sani. Shi ne abin da ban so ba."

Inna ta ce, "Ke dai ƙarasa kwasowa kafin ruwan nan, kya yi kukan daga baya."

Na ƙarasa. Bakwai suka koma shida da rabi, sauran ta nutse a laka, amma ta kai ƙofar banɗakin da ƙyar. Na roƙi ƙawata ta kira direban ta ba ni. Na gaya masa gaskiya na ce ya yafe. Ya ce, "Hajiya, ba komai. Ran da taku tifar ta tashi dai ki tuna da ni." Na ce in Allah ya yarda.

Kwana biyar ƙawata ba ta shigo gidana ba. Ran na shida ta yi sallama da reshen na'ana'a a hannu, ta bi ta kan bulon Malam ɗaya bayan ɗaya, ta zauna inda ta saba. Ba mu tayar da zancen ba, har yau kuma ba mu tayar ba. Sai dai ta daina cewa na fi ta ido.

Tsakar gidanmu tana nan yadda take. In an yi ruwa ina jiyo takun Inna daga can, ƙaras ƙaras a hankali da sandarta, in ce alhamdu lillahi da gaske. Sai kuma in ji takun ƙawata, mai sauri, ƙirjina ya ɗan motsa. In ce masha Allah, in ɗauki butata in nufi bayan madafa, inda 'yan ƙwayoyin da suka nutse suke sukar tafin ƙafata ta cikin laka.