Inna Huci Ta Ajiye Allura

Da sanyi ya kankama, kafin masu babur su fito neman fasinja, Inna Huci ta riga ta buɗe shago, ta ɗumama yatsunta a jikin kofin shayi, ta hau keken ɗinki. Aikinta ɗaya ne: hular sanyi mai rufe kunne da hanci, da 'yar taga inda tabarau zai zauna.

Sunan kuwa masu babur ne suka laƙaba mata. Ba ta sallamar mutum sai ya sa hular, ya ɗora tabarau, ta ce, "To, yi huci, ɗan nan." Sai ka ga ƙato da gemunsa yana haki kamar wanda kare ya koro. In gilashin ya yi hazo, ta warware ɗinkin hancin ta sake. Mai gaggawa ya yi ta tsaki, ko a jikinta.

Ni ganau ce, ba jiyau ba. Yayana ido ɗaya gare shi mai gani, da shi yake tuƙa babur yana riƙe da gidanmu. Wata shekara iskar sanyi ta sa idon ya yi jawur yana zubar da ruwa, har likita ya ce ko ya kare shi, ko ya ajiye babur. Ya sayi tabarau ya naɗe fuska da ƙyalle, numfashinsa ya riƙa rufe gilashin, saura ƙiris ya afka wa mota. Ranar na ga tsoro a fuskar yaya.

Da ya je wurin Inna, ta ɗinka masa hula, ta warware, ta sake ɗinkawa. Yaya ya gaji ya ce, "Inna, haka ma ya yi."

"Idon naka guda nawa ne da za ka ce ya yi? Yi huci!"

Ke ce, Inna, kika tsaya wa idon nan kamar naki. Uwar masu babur, har yau da shi yaya yake ciyar da mu.

Yanzu nata idon ya gaza, zare ya daina shiga allura. Ranar da ta rufe shago, yaya ne ya zo kai ta gida. Kafin ta hau babur ya sa mata hula, ya gyara mata tabarau, ya ce, "Inna, yi huci." Ta yi tana dariya, gilashinta garau. Idon yaya ne ya cika da ruwa, kuma wannan karon ba iska ba ce.

Mun gode, Inna, Allah Ya saka da alheri. Mu kuma masu sana'a, mu yi koyi da ita: kada mu tura ɗan kowa cikin iska da "haka ma ya yi."