Takobin da Aka Ba da Falmata a Kansa

Idan ruwan kogi ya janye, kakarmu Iya takan kyafa kifi a tsakar gidanmu a Hadejia, mu kuma mu kewaye wutar muna jiran tatsuniya. Akwai guda ɗaya da ba ma so, don babu abin dariya a cikinta.

Wai wani masunci ne mahara suka addabe shi a fadama. Sai fatake suka sauka daga arewa da wani takobi miƙaƙƙe, mai ƙoƙon ƙarfe da ke rufe hannu. Ya taya da kifi, suka ƙi. Ya taya da kwalekwalensa, suka yi dariya. Suka nuna ƙaramar 'yarsa, Falmata. Ya ba su.

Ran nan yayana Sale ya ce, "Haba Iya, wane uba ne zai yi haka?"

"Kai mai bakin tsiya, jira ni nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe cikin tsohuwar tabarma. Da ta warware, Sale ya ja da baya har ya taka garwashi. Ga ƙoƙon nan, tsatsa ta ci gefensa. Kusa da ƙota an zana kambin sarauta da haruffan boko.

"Masuncin nan kakana ne," in ji ta. "Falmata ƙanwar uwata ce. Har ta rasu uwata tana cewa garin da aka ƙera wannan, can aka kai ta. Wanda ya yi karatu a cikinku ya nemo mini garin."

Da na iya karatu, na ga haruffan sun ce Toledo. Sai bayan rasuwar Iya aiki ya kai ni Sifaniya, ƙasar da garin Toledo yake. Na nuna hoton takobin ga wani ma'aikacin gidan tarihi. Ya ce na sojan doki ne, ya kuma girmi fataken nesa ba kusa ba. Irinsa sukan faɗa hannun mutane a yaƙe-yaƙen Maroko, su yi ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa.

"Da wuya ma fataken sun taɓa jin sunan garin nan," in ji shi.

Na mayar da hoton aljihu. Ashe Iya da uwarta sun ƙare rayuwarsu suna addu'a ga garin da Falmata ba ta taɓa takawa ba.

Ina yaro na ɗauka Iya tana tsoratar da mu ne. Cigiya take yi. Ƙarfen, an rubuta masa garinsu a jiki. Yarinyar kuwa, ko hanyar da aka bi da ita babu wanda ya riƙe.